Dakashin Tamallat

Ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku.

Ta ƙaraso, kunnuwanmu na nan.

To, a Dakoro, can bakin gari ta wajen arewa, inda gidaje ke fara tsinkewa daji ya karɓa, akwai gidan wani tsoho ana ce masa Alhusaini. Kakanninsa daga arewa suka gangaro da raƙumansu, suka zauna, suka koyi noman hatsi, har Hausa ta zame musu harshen cikin gida. Da can, idan garkensa ya taso daga rijiya, sai mutane sun ba shi hanya. Fari ya ci wasu, kasuwa ta ci wasu, tsufa ya zo ya tarar da saura. A lokacin da nake ba ku labari taguwa ɗaya ta rage masa, fara, mai dogon gashin ido, sunanta Tamallat. Ita ma ta kwana biyu a duniya. Ga ta da tsohon ciki, kuma kowa a unguwa ya ji Alhusaini ya ce idan ta haihu ta yaye, kasuwa zai kai ta, don ba shi da sauran ƙafar bin raƙumi.

Su biyu ne a gidan, shi da ƙanwarsa Habi, wadda mijinta ya rasu ta dawo. Habi mai surutu ce, irin wadda idan ba ta samu mutum ba sai ta yi da kaji. Alhusaini kuwa yakan wuni bai yi magana mai yawa ba, kuma rabin abin da ya faɗa da taguwa yake.

Yana da ɗiya, Nuriyya, ƴar farinsa. Kun san yadda ake da ɗan fari a wajenmu. Uba ba ya kama sunansa, ba ya zama hira da shi, ba ya bari a ga so a fuskarsa. Tun tana cikin zanen goyo bai taɓa cewa "Nuriyya" ba. Sai dai "yarinyar nan", ko "ta wajen Habi", don Habi ce ta goye ta.

Wata shekara, tana ƙarama, zawo ya shigo gari ya bi yara gida-gida. Ya kama ta, ya kama ƙanenta Zakiru. Zakiru bai tashi ba. Ita kuwa ba abin da ke zama a cikinta, ko ruwa. Sai aka dace uwar Tamallat ta haihu a cikin kwanakin. Alhusaini ya tatso dakashi, nonon farko ke nan, mai kauri, mai ruwan ɗorawa, ya miƙa wa Habi. Habi ta riƙa ɗura wa yarinya da ludayi, kaɗan-kaɗan, har ta tashi. Ko dakashin ne, ko kwana ne bai ƙare ba, Allah ne masani. Uwarta Lailatu dai ba ta daɗe ba ta bi Zakiru, abin kuma ya zauna a ran Nuriyya bai fita ba.

Ta shiga lakwal, makarantar boko ke nan, a Dakoro, ta wuce Maraɗi, ta wuce Yamai, daga nan karatu ya ja ta har Faransa, wani gari tsakanin duwatsu masu ƙanƙara a kai. Can ta zama doktora, amma ba ta allura da magani ba. Aikinta sukari.

Kar ku yi dariya, ba sukarin shayi ba ne. Ashe sukari dangi ne babba. Akwai wanda ƙwaya ɗaya ne, akwai wanda yake kamar jigida, ƙwayoyi a jere, wani ma har da rassa kamar itace, kuma duk ido ba ya ganinsu. Irinsu ne suka lulluɓe bangon hanjin mutum, su ne kuma ƙwayar cuta ke laluba ta kama kafin ta yi ɓarna. To a cikin nono, musamman dakashi, akwai wasu masu kama da na hanji. Cuta ta zo ta kama su tana zaton ta samu wurin zama, sai su fice da ita. Abin da Nuriyya ke yi shi ne ta gano yadda aka jera jigidar, sannan ta ƙera irinta da hannunta, ko wata rana a samu maganin yara a ciki.

Ƙirar kuwa aikin haƙuri ne. Kowace ƙwaya hannuwa gare ta da yawa, kuma kowane hannu so yake ya kama. Sai ta ɗaure su duka ta bar ɗaya, ta haɗa shi da na ƙwaya ta biyu, ta tace, ta kwance wani hannun, ta sake. Damina guda takan wuce a kan jigida ɗaya, a ƙarshe ta samu ɗan farin gari da ba zai cika ƙumba ba. Shi za ta narka ta sa a wata na'ura mai girman rumbu, na'urar ta zana mata layuka masu tsini-tsini, ta zauna ta karanta ko abin da ta nufa ne ya fito. Sau da yawa ba shi ba ne.

A ɗakin binciken nan, wanda suke ce wa labo, take wuni. Abokan aikinta mutanen kirki ne, suna gaishe ta, suna kiranta "Nuriya" a gajarce, da yamma kowa ya ɗauki kekensa ya tafi wajen iyalinsa. Ita kuma ta hau bene zuwa ɗakinta, ta dafa shinkafa ta ci a tsaye. Ranar Lahadi ce ta fi tsawo. Har ta kai idan ba kowa a labo, da Hausa take yi wa na'urar magana: "Haba ke kuwa, yau ma?" don kar bakinta ya manta.

An bincika nonon mata, an bincika na shanu da awaki. Dakashin raƙuman ƙasarmu kuwa ba wanda ya waiwaya sosai. Da Habi ta faɗa mata a waya cewa Tamallat ta kusa, kuma wannan ce haihuwarta ta ƙarshe a gidan, sai Nuriyya ta je wajen shugaban labo ta roƙi hutu. Ya ce ta je, amma abin ya zo a daskare, kowace tatsa a kwalbarta, in ba haka ba ba shi da amfani. Abin da ya kawo ta gida ke nan: dakashin ɗiyar taguwar da ta tashe ta. Ta san idan ya wuce ya wuce.

Ta sauka tashar Dakoro a ƙarshen damina, ana yankan hatsi, zafi kamar ana gasa mutum. Habi ta tarye ta a ƙofar gida da guɗa.

"Lale, lale! Dubi ɗiyata ta koma kara! Wai ba su ba ki abinci can? Ko sukarin kike lasa ki kwanta?"

"Gwaggo, ina ci."

"Mi kike ci? Ganye? To zauna. Ke da kin ce sukari kike nema, ai da kin aiko na sawo miki a kantin Halidu, buhu guda, kin huta da hawan jirgi."

Alhusaini yana zaune gindin aduwa yana gyaran akala. Nuriyya ta je ta durƙusa ta gaishe shi. Ya dubi igiyar hannunsa ya ce, "An zo lahiya?"

"Lahiya lau, Baba."

"Madalla."

Iyakar abin da ta samu ke nan, bayan shekarun da ta yi ba ta nan. Ta san al'ada ce, ta san ba ƙi ba ne. Amma sani daban, abin da rai ke so daban.

Ta sayi ƙaramin firigo, akwatin sanyi mai daskarar da abu, a kasuwa, aka kawo a amalanke aka sa a ɗakin Habi, don nan ne wayar kuran, wato lantarki, ta shiga. Ta jera ƴan kwalabenta na roba, kowace kamar yatsa, a kan tabarma. Habi ta ɗauki ɗaya ta ɗaga ta a rana.

"A cikin wagga za a sa nono? Wa zai ƙoshi? Ƙadangare?"

"Ba na sha ba ne, Gwaggo. Na dubawa ne."

"Nono kuma a zauna ana dubansa. To, Allah shi kyauta."

Sai jira. Tamallat ba ta gaggawa. Da farko maƙwabta sun yi ta shigowa, don an ce likita ta zo daga Faransa. Wannan ta kawo ciwon baya, waccan ta kawo jika mai tari. Nuriyya ta yi ta cewa ita ba irin wannan likitar ba ce, su je asibiti. Suka dube ta, suka dubi juna, suka ce to Allah shi taimaka, ƙafa ta ɗauke. Ƙawayenta na lakwal duk sun zama uwaye, wata ma ta aurar. Idan sun haɗu a hanya "Madam" suke ce mata, su gaisa, hira ta tsaya a kan zafi da tsadar hatsi. Can a ce mata ƴar Nijar, nan a ce mata ta Faransa.

Da safe Alhusaini yakan kai taguwa wajen itatuwan ƙaya a bayan gari. Nuriyya ta riƙa bin su a baya, ba kusa ba. Shi bai ce ta zo ba, bai ce ta koma ba. Takan zauna a inuwa tana jinsa yana yi wa Tamallat magana ƙasa-ƙasa, yana mata faɗa kan ta cika zaɓen ganye, yana ba ta labarin rijiyoyin da suka kafe. Ta ji muryarsa a waɗannan safiyoyin fiye da yadda ta ji ta duk rayuwarta, kuma ko kalma ɗaya ba tata ba ce.

Wata rana da hantsi Tamallat ta ƙi fita. Ta yi ta zagaya turke, ta durƙusa, ta tashi. Kafin azahar ɗa ya faɗo, namiji, ƙafafu zalla, jiƙe sharkaf. Alhusaini ya share masa hanci, ya hura masa iska, ya tallafe shi har ya kama nono. Sai da ɗan ya ƙoshi sannan tsoho ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya ɗora akushi a gwiwa, ya tatsa. Taguwar ba ta yarda da hannun kowa sai nasa. Ya ajiye akushin a ƙasa, ya ce wa iska, "A ɗauka."

Nuriyya ta ɗauka. Mai kauri ne, ruwan ɗorawa, yana manne wa yatsa. Ta rarraba a kwalabe, ta rubuta rana a jikin kowace, ta sa a firigo. Haka suka yi safe da yamma muddin dakashin na zuwa, shi ya tatsa ya ajiye, ita ta ɗauka. Ba su taɓa yin wani aiki tare ba sai wannan. Sannu a hankali nonon ya tsinke, ya yi fari, ya koma na kullum. Ta buɗe firigo ta dubi kwalabenta a daskare, a jere, ta ji wani sanyi a ranta wanda ta daɗe ba ta ji ba.

Saura abu biyu, kuma duk a Maraɗi suke: takardar izinin fita da nonon dabba daga ƙasa, da wata busasshiyar ƙanƙara mai hayaƙi da za ta riƙe sanyi har jirgi ya sauka. Da safe ta shirya za ta shiga mota.

"Gwaggo, kada a buɗe firigon nan. Ko mi ya faru."

"Wa zai buɗe? Ni tsoronsa ma nike, yana gurnani kamar amale. Tahi abinki. Ki sawo mini ƙuli-ƙuli."

Ta yi niyyar dawowa a ranar, amma mai sa hannu ba ya ofis, aka ce sai gobe. Ta kwana gidan wata da suka yi lakwal tare. Ta kira Habi, waya ba ta shiga. Ba ta damu ba, Habi kullum mantawa take da caji. Sai washegari a tasha ta ji direbobi na cewa hadarin ƙarshen damina ya kayar da turakun kuran a kan hanya, Dakoro tun jiya da hantsi ba wuta. Sai ta riƙa lallashin kanta. Ko ya narke, in dai kwalaben na rufe, kowace da ranarta, sukarin ba ya mutuwa da wuri haka. Ga busasshiyar ƙanƙara a akwati a kan cinyarta. Ta yi ta duban gudron, kwaltar hanya, tana jin motar ba ta tafiya.

La'asar ta yi sanyi lokacin da ta shiga gida. Abin da ta fara gani a tsakar gida shi ne faifai, a kansa kwalabenta, a wanke tas, an kife su a jere suna sheƙi. Murafen a gefe guda. Har rubutun an goge da toka.

Habi ta fito daga madafa tana share hannu da zane, fuskarta cike da fara'a.

"Kin dawo! Ai ɗiyata, Allah ya rufa mana asiri. Kina hita wuta ta tahi. Na ce to, ta ce kada a buɗe, ban buɗe ba. Na rufe shi da bargo, na zauna gadi kamar mai jego. Na kira ki, waya ta mutu. Na aika wajen Halidu ko yana da ƙanƙara, ya ce tasa ma ta zama ruwa. Yau da sahe na ga ruwa na bin ƙasa daga gindinsa, na ce a'a. Na buɗe, na taɓa, duk sun saki. Na shinshina ɗaya, na ji ta hwara juyawa."

Nuriyya ta ajiye akwatin a hankali. "Ina nonon, Gwaggo?"

"Ina zuwa mana! Ke kin san gidanmu ba a barin dakashi ya ruɓe. Tun kakanni. In ya ruɓe ko ya zube ƙasa, hantsar uwar ta kahe, ɗan ya lalace. Ni Habi ina zaune a ce dakashin Tamallat ya mutu a ɗakina? Na ɗauko su ɗaya-ɗaya, wallahi har yatsuna sun yi ciwo da murɗa murahen nan, na juye a tukunya. Ɗan kaɗan ne, bai kai a raba ba, sai na ƙara da madarar akuyar maƙwabciyarmu Hawa, na sa citta, na sa sukari, na dahwa. Ya kama kamar ƙwai! Na aika wa Hawa, na aika gidan liman, babanki ya ci. Ga naki nan na ruhe, ban bar ko ƙuda ya gani ba."

Ta shiga ta fito da ƴar ƙwarya, ta ɗaga faifan. Ga shi nan, ya daskare, ruwan ɗorawa, yana ƙamshin citta.

Nuriyya ta tsaya tana kallo. Kanta na aiki shi kaɗai, yana neman mafita. Wuta ba ta kashe irin wannan sukarin duka, da shi kaɗai aka dafa da ta tsira da wani abu. Amma an haɗa ranaku, an haɗa da na akuya, an zuba sukarin kanti a kai. Ko ta kai shi gaban na'ura, ba mai iya cewa wannan na Tamallat ne, wannan na akuyar Hawa.

"Ba ki ce komi ba," in ji Habi. Fara'ar ta fara sauka daga fuskarta. "Na yi ɓarna ko?"

Nuriyya ta buɗe baki. Maganar da ta zo mata da Faransanci ta zo, mai kaifi, irin wadda ake yi wa ɗalibin da ya fasa kwalba. Ta dubi yatsun tsohuwar, sun yi ja wajen murɗa murafe. Yatsun nan ne suka riƙe ludayi a bakinta shekarar zawo. Ta haɗiye maganar. Ta karɓi ƙwaryar, ta zauna a bakin tabarma, ta sa hannu ta ci. Yana da daɗi, abin haushin ke nan. Ta cinye tas, hawaye na sauka a ciki, Habi na tsaye a kanta ta rasa ta cewa, karo na farko a rayuwarta.

Da ta gama ta wanke hannu ta zagaya bayan gida, wajen turke. Tamallat na durƙushe tana tuƙa, ɗanta ya kwantar da wuya a jikinta. Nuriyya ta zauna a ƙasa ta jingina da katanga. Ba wanda za ta faɗa wa. A nan ba mai gane abin da ya ɓace, a can ba mai gane dalilin da ya sa aka dafa. Ta tuna ɗakinta na bene, da Lahadi, ta kuma tuna cewa idan aka kai taguwar kasuwa, ba sauran abin da zai sa ta ce wa shugaban labo tana son zuwa gida.

Ta ji takun sanda. Alhusaini ne. Bai dube ta ba. Ya je ya tsuguna a gaban taguwar, ya kama kunnenta yana cire mata kaska.

"Tamallat," ya ce, "kin ji abin da aka yi da nononki."

Taguwa ta ci gaba da tuƙa.

"An zo daga nesa dominsa. An hau jirgi, an sha rana. Ni ma na ci, ban sani ba. Habi ba ta yi don mugunta ba, abin da uwarmu ta koya mata ta yi." Ya jefar da kaskar. "Ni ban san abin da ake nema a ciki ba. An ce sukari. Na sha nonon raƙumi tun ban da haƙori, ban ji sukari ba. Amma na san shekarar da uwarki ta ba da nata, na ga abin da ya tashi. Ina tsaye bayan zana, ina jin ana haɗiya."

Nuriyya ta sunkuyar da kai. Ba ta taɓa sanin yana wurin ba.

"Na ce kasuwa zan kai ki," ya ci gaba. "To na hwasa. In kin yaye wanga, Samba makiyayi zai tahi da ke can Tagriss, akwai amale mai kyau a garkensu. Kin tsuhwa, na tsuhwa, amma ki daure ki ƙara ɗaya. Raƙumi shekara da wata yake ɗauka, kin sani. In lokaci ya yi, sai a aika a gaya wa mai nema. In tana so, ta zo."

Sannan ya ƙara, a hankali, yana shafa wuyan taguwar, "Ki ce mata gidan na nan."

Nuriyya ta goge fuska da bakin mayafi. Ta dubi Tamallat, don ita ma ba ta iya duban tsohon ba.

"Tamallat," ta ce, "ki ce masa zan zo."

Alhusaini ya gyaɗa kai, ya dogara sanda ya miƙe, ya tafi alwalar magariba.

Da ta koma tsakar gida ta tarar Habi zaune a kan turmi, ta haɗa kai da gwiwa, ko wuta ba ta hura ba.

"Gwaggo, ga ƙuli-ƙulinki."

"Ba ni ci."

"Ki ci mana. Ni ai na ci naki."

Habi ta ɗago, idanu jajur. "Da na bar shi a ruhe, da ya yi?"

Nuriyya ta dube ta. Ba ta son ƙarya. "Da ya yi."

"Wayyo ni Habi." Ta ja majina. Can kuma ta ce, "Amma dai cittar ta ji, ko?"

Dariya ta kuɓuce wa Nuriyya, da hawaye da komai, ta zauna a ƙasa kusa da turmin ta ɗora kai a cinyar tsohuwar, kamar da.

Busasshiyar ƙanƙara ba ta jira, tana ƙarewa ne tana hayaƙi. Washegari Alhusaini ya tatsi nonon kullum, fari, tsinkakke, Nuriyya ta cika kwalaben da Habi ta wanke, don kar ta koma hannu sake. Habi ta raka ta tasha tana ta yi wa direba kashedi kan akwatin. Alhusaini bai je ba. Da motar ta zagayo ta bayan gari, Nuriyya ta hango shi nesa a cikin itatuwan ƙaya, shi da farar taguwa da ɗanta, yana tsaye ya juyo wajen hanya.

A labo, nonon da ta kai bai ba da abin kirki ba. Na'ura ta nuna mata alamar wata jigida da ba ta taɓa gani ba, amma ƴar kaɗan ce, ba ta isa a karanta ba. Shugaban ya ɗaga kafaɗa, ya ce ta koma kan aikinta na da. Ta koma, da ɗakinta na bene, da shinkafarta. Sai dai duk Lahadi takan kira Habi, Habi ta kai wayar bayan gida ta riƙe ta kusa da turke, a ji tsoho na yi wa taguwa magana.

Samba ya kai Tamallat Tagriss, ta ɗauki ciki, ya dawo da ita. Alhusaini bai ga haihuwar ba, ya rasu da sanyin shekarar, bai taɓa kama sunan ɗiyarsa ba. Nuriyya ta zo kamar yadda ta ce, da firigo mai aiki da hasken rana. Tamallat ta haifi mace, ta ƙi hannun kowa, sai da Habi ta yafa tsohon rawanin Alhusaini a kafaɗa sannan ta saki nono. Dakashin ya isa Faransa a daskare, kowace tatsa a kwalbarta. Nuriyya ta karanta jigidar, tana nan tana ƙera ta ƙwaya-ƙwaya, ba ta gama ba, kuma ba wanda ya san ko za ta zama magani. Habi na nan Dakoro ita kaɗai a gidan, tana surutu da kaji. Ɗan raƙumin nan namiji an sayar da shi. Tamallat da ɗiyarta suna Tagriss a garken Samba, ba a kai su kasuwa ba.